RABON KUƊIN MAKARANTA TSAKANIN GUNDUMOMI: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU A ƘASASHEN GWANDU DA ARGUNGU

 An shirya wannan ɗan littafi ne saboda wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukanku. Duk inda aka taru a kan sha'anin makaranta, ba a watsewa sai wani ya ce an yi wa ƙasarsa rowa. Mutumin ƙauye ya ce Birnin Kebbi ta cinye kome. Mutumin birni ya ce a zo a ga yadda yara suka cika aji har bakin ƙofa, waɗansu a ƙasa, waɗansu a kan taga. Na Kangiwa da na Kamba su ce su da ke bakin iyaka ba a tuna su sai ran zaɓe. Kowannensu da gaskiya a bakinsa. Amma ba safai a kan sami wanda zai iya faɗin ta inda kuɗin nan su ke fitowa ba, balle ya faɗi mudun da a ke auna su da shi. Wanda kuwa bai san mudu ba, da wuya ya nuna inda aka tauye masa awo.

YADDA AKA FARO

A zamanin Turawa, Lardin Sakkwato yana da En'e huɗu, watau Sakkwato, da Gwandu, da Argungu, da Yawuri, kowace da Baitulmalinta. Wani jami'in Turawa mai suna Palmer ne ya fara tsara Baitulmali a Katsina, daga 1911 kuwa aka bazu da shi zuwa sauran ƙasashen sarakuna. Magabatanku hakimai su ne ke tara haraji da jangali, Gwamnati ta ɗauki rabonta, saura ya shiga Baitulmali. Daga cikin sauran nan a ke gina makarantar elementare, a biya malami, a sayi allo da alli.

Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa mai yawan masu biyan haraji ita ce mai ƙarfin gina makarantu. Baitulmalin Argungu bai kai na Gwandu ba, su duka biyu kuwa ba su kama ƙafar na Sakkwato ko na Kano ba. A cikin ƙasa ɗaya ma, garin Sarki a ke fara yi wa makaranta, sa'an nan garuruwan hakimai, ƙauyukan nesa kuwa sai abin da ya rage. Ga shi kuma a lokacin mutane da yawa ɓoye 'ya'yansu su ke yi in an zo ɗibar yara, don haka ba wanda ya ɗauki rashin makaranta a matsayin zalunci. Waɗansu ma murna su ke yi an tsallake garinsu. Jikokinsu ne ke kuka yau.

A shekarar 1948 wani babban ma'aikacin kuɗi, Sydney Phillipson, ya rubuta rahoto a kan taimakon da Gwamnati ke bai wa makarantu, aka kuwa gina dokar ilmi ta wannan shekara a kansa. Dabararsa ita ce a lissafa abin da makaranta ke ci, yawancinsa albashin malamai, sa'an nan a cire abin da a ke zaton mutanen wurin za su iya kawowa, Gwamnati ta cike gurbin. Abin zaton nan kuwa ba ɗaya ba ne a ko'ina: an ɗora wa wuri mai arziki fiye da abin da aka ɗora wa wuri maras shi. Ku lura da wannan, gama tun shekara saba'in da 'yan kai da suka wuce an yarda da cewa ba a ɗora wa jaki da raƙumi kaya ɗaya.

Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani masanin ilmi daga Ingila mai suna Oldman ya duba yadda a ke tafiyar da makarantun firamare. Ya ba da rahotonsa a 1961, dokar 1962 kuwa ta buɗe hanyar kafa hukumomin ilmi na ƙasashe. A 1976 abubuwa biyu suka faru cikin shekara guda: aka buɗe shirin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba, aka kuma sāke tsarin ƙananan hukumomi, Baitulmalin En'e ya zama labari. Daga nan alhakin makarantun firamare ya yi ta komawa daga wannan hannu zuwa wancan. An kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin, albashi ya yi ta makalewa, sai aka mayar da ita a 1993. A wannan karo an ce a raba asusunta kashi uku: 50 cikin 100 daidai wa daida tsakanin jihohi, 30 bisa ga yawan yaran da ke makaranta, 20 kuwa ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmi. Ran 30 ga Satumba 1999, a nan maƙwabtanmu Sakkwato, aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, wanda aka yi wa doka a 2004. Ita ce dokar da ta ce shekara 9 na farko na karatu, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne.

TA INA KUƊIN SU KE ZUWA

Rafi uku ne ke shayar da makarantar gwamnati ta firamare, kowanne kuwa da nasa mudu.

Na farko, wanda ya fi girma, shi ne albashin malamai. Tsarin Mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilmin firamare, albashin malamansa kuwa daga rabonsu na Asusun Tarayya a ke fitar da shi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin 100 na asusun. Mudun da aka daɗe ana raba musu da shi kuwa ga shi: kashi 40 daidai wa daida, 30 bisa ga yawan jama'a, 10 bisa ga faɗin ƙasa da yanayinta, 10 bisa ga ayyukan jin daɗin jama'a, 10 bisa ga ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 21: goma a ƙasar Gwandu, huɗu a ƙasar Argungu, watau Argungu da Augie da Arewa da Dandi, uku a Yawuri, huɗu a Zuru. To, a cikin kashi 40 ɗin nan, Aliero, wadda ba ta kai mutum 70,000 a ƙidayar 2006 ba, rabonta ɗaya ne da na Birnin Kebbi mai fiye da mutum 260,000, ɗaya ne kuma da na Arewa, wadda faɗin ƙasarta ya ninka na Aliero wajen sau goma.

Akwai wani abu a nan da ya kamata magatakarda su gane sosai. Kuɗin ƙananan hukumomi sun daɗe suna biyowa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Idan aka cire albashin dukan malaman jiha a dunƙule kafin a raba saura, to ƙaramar hukuma mai malamai kaɗan ta taya mai malamai da yawa biya ke nan, ko ta sani ko ba ta sani ba. Idan kuwa aka ce kowa ya biya nasa, sai mai malamai da yawa ta ga albashi ya lashe rabonta. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya yi magana a kan hanyar da kuɗi za su bi, bai ce ga yadda za a raba malamai tsakanin gari da ƙauye ba. Wannan yana nan a wuyan mutanen jiha.

Rafi na biyu shi ne na hukumar ilmin bai-ɗaya ta tarayya, wadda a ke kira UBEC. Dokar 2004 ta ware mata abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ba. A tsarin da aka amince da shi a 2008, rabin wannan kuɗi na gine-gine da kayan aji ne, ba a kuwa sakar wa jiha sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Sauran rabin an karkasa shi: 15 na littattafai da kayan koyarwa, 14 na gyara gibin da ke tsakanin waɗanda suka ci gaba da waɗanda aka bari a baya, 10 na horar da malamai, 5 na ladan jihar da ta yi aiki mai kyau, 2 na yara masu naƙasa, saura na gudanarwa da bin diddigi. Rabin farkon nan daidai wa daida a ke raba shi tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kano mai ƙananan hukumomi 44, da Kebbi mai 21, da Bayelsa mai 8, duk abu ɗaya su ke samu. In kuɗin sun iso Birnin Kebbi, hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, watau SUBEB, ita ke tsara inda za a gina aji da inda za a gyara rufi, ta hanyar sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi.

Na uku shi ne abin da Gwamnatin Jiha ta sa a kasafinta, da abin da a ke samu daga waje. Kebbi tana cikin jihohi 17 da shirin Bankin Duniya mai suna BESDA ya shafa daga 2017, don mayar da yaran da ba sa zuwa makaranta cikin aji. Tana kuma cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE na 2020, na karatun 'yan mata. Irin wannan kuɗi yawanci rance ne, yana da wa'adi, ba a gina albashi a kansa.

MUDU UKU, AWO UKU

Bari mu yi lissafi irin na misali. Alƙaluman nan mu muka ƙaga su don bayani, ba na wata gunduma ba ne. A ce ga Naira miliyan 30 za a raba wa gundumomi biyu. Ta farko ta cikin gari ce, tana da yara 9,000 da suka isa shiga makaranta, 8,000 daga cikinsu suna cikin rajista. Ta biyu ta fadama ce, tana da yara 6,000, amma 2,000 ne kaɗai ke cikin rajista.

In aka ce a raba daidai, kowace ta ɗauki miliyan 15. Ba wanda zai ce an fifita wani hakimi a kan wani, shi ya sa masu mulki ke son wannan mudu: yana kashe gardama a majalisa. Amma fa ba hakimai ne za su zauna a ajin ba. Ɗan makarantar gari ya tashi da Naira 1,875, na fadama da Naira 7,500. Mutanen gari za su ce an cuce su, ba su kuwa yi ƙarya ba.

In aka ce a bi rajista, yara 10,000 ke nan, kowanne Naira 3,000. Gari ya ɗauki miliyan 24, fadama miliyan 6. Wannan ya yi kama da adalci ƙwarai, shi ne kuma mudun da yawancin ma'aikata za su zaɓa in an tambaye su. To, amma sai ku raba kuɗin nan a kan dukan yaran kowace gunduma, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Yaron gari ya sami wajen Naira 2,667, na fadama Naira 1,000. Yara 4,000 na fadama da ke bakin gulbi ko cikin gonar shinkafa ba a ƙirga su ba ko kaɗan, domin ba su cikin littafi. Ba su cikin littafi kuwa saboda ba makaranta kusa da su. Baɗi a sāke rabo, a ce gundumarsu yara kaɗan gare ta, a sāke ba ta kaɗan. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Wannan mudu ba ya ƙirƙiro gibi, amma wanda ya tarar sai ya riƙe shi, ya gadar wa na baya.

In kuwa aka ƙirga duk yaron da ya isa shiga makaranta, yara 15,000 ke nan, kowanne Naira 2,000. Gari ya sami miliyan 18, fadama miliyan 12. A ganina wannan ne ya fi kusa da nufin dokar 2004, gama dokar ba ta ce karatu haƙƙin wanda ya riga ya shiga ba ne, cewa ta yi na kowane yaro ne. Ko da ya ke haka, shi ma bai gama magana ba, domin Naira 2,000 a Birnin Kebbi da Naira 2,000 a wata tunga ba abu ɗaya su ke saya ba.

ABIN DA FADAMA KE CI

Duk wanda ya san kwarin Gulbin Rima daga Augie zuwa Argungu, ya gangaro ta Birnin Kebbi har Kalgo da Bunza, ya san mutanensa ba a dunƙule su ke ba. Ga manyan garuruwa irin su Gulma da Ambursa da Zauro, ga kuma tungaye barkatai na manoma da masunta, ga rugagen Fulani a gefen tudu. A gari, malami ɗaya zai iya tara aji cikakke daga unguwa ɗaya. A tunga mai gida ashirin, ko yara goma sha biyar ne sai an ba su malami, sai an yi musu rufi, in ba haka ba sai dai ɗan shekara shida ya yi tafiyar da babba ma zai ji a jikinsa. Da damina hanya ta kan yanke, sai da kwalekwale. Buhun siminti da aka saya a gari, kafin ya isa can ya ci kuɗin mota, ya ci na amalanke, wani lokaci ya ci na jirgin ruwa. Gini kuma ba ya ƙarko a inda ruwa ke kwana. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan, ba ta tsaya ga gonaki ba, ta rushe gidaje da gadoji, kuma a irin wannan hali makarantar da ta tsira ita ce ta kan zama masaukin waɗanda ruwa ya kora.

Akwai kuma lokaci. Tun da noman rani ya bunƙasa, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, aikin fadama ba ya ƙarewa da kaka. Yaro yana dashe, yana korar tsuntsu, yana kai abinci gona. Uban da ya saki ɗansa ya tafi makaranta ya yi asarar hannu guda, saboda haka sai ya ga abin kirki a makarantar kafin ya yarda. In ya leƙa ya tarar ba malami, ba zai sāke aikowa ba, ba kuwa za mu ce ya yi wauta ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, aikinta kuma ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Hakimin da ke da rugage ko tungayen masunta a ƙasarsa ya kamata ya tambayi sakataren ilmi ko suna cikin lissafin wannan sashe.

Kada wannan ya sa a ce gari ba shi da kuka. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991 jama'a ke kwararowa, unguwanni na tsirowa har sun haɗe da Gwadangwaji. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma wanda ya zagaya manyan makarantun gari ya san aji nawa ne suka wuce haka nesa. Da yawa cikin yaran nan kuwa 'ya'yan ƙauyukan da mu ke magana ne, an kawo su wurin dangi don karatu. Buƙatar gari ƙarin ajujuwa ce a makarantar da ke akwai. Buƙatar fadama kuwa makaranta ce a inda babu, da malamin da zai zauna. Wanda ya auna su da mudu ɗaya, lalle ya cuci ɗaya daga ciki.

INDA MALAMI YA KE, NAN KUƊI SU KE

Hakimai sun fi sa ido ga gini, domin shi ido ke gani, shi ne kuma a ke zuwa buɗewa da kiɗa. Amma gini sau ɗaya a ke biyansa, albashi kuwa kowane wata. Mafi yawan abin da a ke kashewa a firamare albashi ne. Saboda haka takardar da ta fi kowace nuna gaskiyar rabo ba ta kwangila ba ce, ta tura malamai ce. Makarantar da ke da malamai ashirin ta sami kuɗin gwamnati ninki goma na wadda ke da biyu, ko da ba a ɗora mata bulo ɗaya ba a shekarar.

Na taɓa zuwa wata makaranta a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Sunayen malaman da ke cikin littafi sun fi waɗanda na tarar yawa. Da na tambaya, sai shugaban makarantar ya yi shiru, mai unguwa ne ya ce sauran suna gari, sai ƙarshen wata a kan ji labarinsu. A takarda an kashe wa ƙauyen nan kuɗi. A zahiri kuwa a kasuwar gari aka kashe su. Ba na cewa duk laifin malaman ne: wanda aka tura wurin da ba ɗakin kwana, ba ruwan sha, ba hanya, albashinsa kuwa ɗaya da na abokinsa da ke koyarwa a ƙofar gidansu, dole ya nemi wanda zai roƙar masa canji. Sau da yawa kuma wurin ku hakimai a ke zuwa roƙon. Ranku ya daɗe, duk takardar alfarma da aka rubuta don a mayar da wani gari, wani aji ne aka rufe a ƙauye.

Maganin da ya fi ƙarko shi ne a sami 'ya'yan wurin su zama malaman wurin. Ga Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, mai ba da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da a ke nema ga malamin firamare. Gundumar da ta tura 'ya'yanta can, maza da mata, ta fara gyara rabonta da hannunta. Mata kuwa sun fi muhimmanci a nan, gama iyaye da yawa ba sa barin yarinya ta wuce aji uku ko huɗu a makarantar da ba malama.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A ƙasar Barazil an yi doka a 1996, ta fara aiki ko'ina a 1998, cewa kowace jiha ta haɗa wani kaso na harajinta da na ƙananan hukumominta a tulu ɗaya, a raba bisa ga yawan 'yan makaranta, inda kuwa rabon yaro bai kai wani mizani ba Gwamnatin Tarayya ta cika. Da shugabannin ƙananan hukumomi suka ga kowane yaro da kuɗinsa ya ke zuwa, sai suka shiga neman yara har gida. Ashe mudun rajista ma yana da amfani in an sa masa ƙasa da ba za a faɗa ƙarƙashinta ba. Daga 2007 suka faɗaɗa shirin, ɗan makarantar karkara kuma a ke ƙirga shi da ɗan ƙari a kan na gari. A Afirka ta Kudu kuwa an kasa makarantu aji biyar bisa ga talaucin jama'ar da ke kewaye da su, na ƙasa su fi samun kuɗi a kan kowane yaro.

Labarin Yuganda ya fi kusa da mu. A 1996 aka bi sawun kuɗin da Gwamnati ke aika wa makarantu a kan kowane yaro, aka tarar tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 ne kaɗai ke isa. Saura a hanya su ke narkewa. Ba su sāke mudu ba. Abin da suka yi shi ne buga abin da aka aika wa kowace gunduma a jarida, a kuma liƙa a makaranta. Da aka sāke dubawa a 2001, fiye da kashi 80 ke isa.

ABIN DA KE HANNUN HAKIMI

Yau hakimi ba ya riƙe da Baitulmali, ba kuma shi ke sa hannu a kasafi ba. Amma duk mudun da muka ambata a kan ƙidaya ya ke tsaye, ƙidaya kuwa a ƙasarku a ke yin ta. An yi shekaru ana dogara da alƙaluman 2006, alhali yaron da aka haifa a shekarar ya riga ya wuce shekarun sakandare. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara kuwa wanda ke cikin aji ta ke gani, ba ta ganin wanda ke bayan shanu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Magabatanku sun san kowane magidanci da kowace saniya a ƙasarsu saboda haraji da jangali. Abin kunya ne a ce yau ba a san yawan yara ba.

Saboda haka kowane magatakarda ya buɗe littafi, gari gari, tunga tunga, ruga ruga, ta hannun dagatai da masu unguwa da arɗo. Ya rubuta yaran da ke tsakanin shekara 6 da 14, maza daban, mata daban, da waɗanda ke zuwa makarantar boko, da waɗanda ke allo ko Islamiyya kaɗai, da waɗanda ba sa zuwa ko'ina. Ya rubuta nisan makarantar da ta fi kusa, da watannin da ruwa ke yanke hanya. A kowace makaranta kuma ya sa malaman da ke cikin littafi a gefe ɗaya, waɗanda a ke gani a aji a gefe ɗaya.

A yi hattara da ƙari. Za a sami mai ba da shawara a cusa sunaye don rabo ya yi kauri. Ƙaryar nan daga bakin gundumar da ke maƙwabtaka da ku ta ke ƙwace abinci, kuma ran da masu bincike suka zo suka ƙirga kawuna, duk littafin ya zube, har da gaskiyar da ke cikinsa. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ɓoyuwa: dagacin da ke rage yawan yaran da ba sa zuwa makaranta don kada a ce ƙasarsa ta ci baya. Shi kuwa da hannunsa ya mayar da rabon mutanensa.

Kowace makarantar gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, wanda a kan sa mai gari da limami da iyaye mata a cikinsa. Hakimi yana da ikon ya kira shugabannin kwamitocin nan sau ɗaya a kowane zangon karatu, ya tambaye su abin da ya shigo da abin da aka yi da shi, ya sa a rubuta a liƙa a ƙofar makaranta da Hausa, da boko da ajami, don wanda ya biyo ya karanta. In zai kai kuka ga sakataren ilmi ko ga majalisar Sarki, ya tafi da littafin magatakarda a hannu, ya ce ga yara kaza a tunga kaza, ga nisa, ga malamai. A kai shi kuma kafin ƙarshen damina, gama a watannin ƙarshe na shekara ne a ke tsara kasafin baɗi, abin da ya iso bayan an rufe lissafi kuwa sai wata shekara.